Neman madubin saiti mai sauƙin kuɗi, daga kaka zuwa bakin damina

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Madubin da ya zo tare da bindigar iskata ya gama aiki. Zaren saitin da ke cikinsa ya karkace zuwa hagu, kuma in na girgiza shi kusa da kunne ina jin wani abu yana motsi a ciki. Ƙarami ne, 4x32, irin wanda ake haɗawa da bindiga a kwali ɗaya. Daga yau zan riƙa rubuta yadda neman wani yake tafiya, domin a Zariya ban sami wanda ya taɓa bin wannan hanya ya ajiye bayani da Hausa ba, kuma kuɗin da za a kashe ba na wasa ba ne.

Bindigar mai sifirin ce, wadda ake karyawa a ɗana, tana cin ƙwayar dalma mai kaurin milimita 5.5. Ba farauta nake yi ba, takarda nake harbi. Burina shi ne in tara ƙwaya biyar cikin da'irar santimita 4 a nisan mita 50, daga nan in ga ko zan iya taɓa mita 100. Masu manyan bindigogi a ƙasashen waje ba sa kiran wannan nisa, amma ga bindigar iska nisa ne sosai. Gasar harbin fili da aka faro a Ingila a farkon shekarun 1980 iyakarta yadi 55, wato kusan mita 50. A gasar Olamfik kuwa mita 10 kacal ake harbi da bindigar iska, ba a ma yarda da madubi mai ƙara girma ba.

Na ware naira 250,000, har da mariƙin da zai ɗaure madubin a kan bindiga. Da yake dala ta haura naira 1,500, wannan kuɗi bai kai dala 170 ba. Madubin Schmidt & Bender na Jamus ko Nightforce na Amurka dubban daloli ne. Ke nan ni a matakin ƙasa nake ciniki, inda dole mutum ya san abin da zai haƙura da shi da abin da ba zai haƙura da shi ba.

Wani abu da nake so ya fito tun a shafin farko: Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin rukunin bindigogin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake riƙe su, tare da bindigar farauta mai tarwatsi. Bindigar toka kuwa lasisinta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake. Mutane da yawa suna ɗaukar ta iska a matsayin kayan wasan yara, doka ba ta ɗauke ta haka ba. Tawa da takardunta. Wanda ba shi da su, kada ya fara da neman madubi.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Wurin harbi ya samu. Gonar Kawu ce a yankin Shika, an riga an cire masara, dawa ma ta kusa. A gefenta na gabas akwai tsohon kududdufi da aka haƙa ƙasar gini, bangonsa ya fi tsayin mutum, bayansa kuma babu gida babu hanya. Can ƙwaya za ta riƙa tsayawa.

Kawu tsohon soja ne, shi ya ce kafin a kafa allo sai an je wa mai unguwa. Muka je bayan la'asar da takardun a hannu.

"Ranka ya daɗe, yaron nan ne yake son ya riƙa koyon saiti a gonata. Ga lasisinsa, ga bindigar ka gani da idonka."

Mai unguwa ya juya ta, ya dubi ƙwayar a tafin hannunsa, ya ce, "To, madalla da kuka zo. Ka san halin da ake ciki. Duk wanda ya hango mutum a bakin daji da bindiga mai madubi ba zai tsaya tambaya ba. A gaya wa 'yan sintiri ranar da za ku fito, kuma a kula da shanun Fulani, yanzu ne lokacin da suke shiga kara."

Gaskiya ya faɗa. A jihar Kaduna ta yau wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma na fi ɗaukarta da muhimmanci a kan duk lissafin da zai biyo baya. Mun kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. Bindiga za ta riƙa tafiya cikin jakarta, ba a ɗane ba, takardu a aljihu.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na zaga Sabon Gari, na kuma duba abin da ake tallatawa a intanet. Kusan duk abin da ake miƙo wa mai ƙaramin kuɗi iri ɗaya ne: 6-24x50, da fitila ja da koriya a ciki, wani har da ƙaramar tocila a gefe. Kwalin yana ƙyalli, lambobin manya.

Ga ma'anar lambobin. Biyun farko ƙarfin jawo hoto ne, daga ninki 6 zuwa ninki 24. Ta ƙarshe faɗin gilashin gaba ce da milimita. In ka raba faɗin gilashin da ƙarfin jawowa, za ka sami kaurin hasken da ke fitowa zuwa idonka. A ninki 24, gilashi mai 50 yana ba da milimita 2 da ɗan kai. Siririn haske ne, kanka ya ɗan gusa sai hoto ya yi baƙi. Madubi mai 40 a ninki 10 kuwa yana ba da milimita 4, ido yana samun sarari. Sannan duk aibin da ke jikin gilashi, ƙarfin jawowa yana ninka shi tare da hoton. Gilashi mai araha a ninki 24 dishi-dishi yake nunawa, gefen baƙin layi yana fitar da shuɗi da ja.

Abin da na fahimta, kuma a kansa zan gina zaɓina, shi ne kuɗin ƙera madubi a rabe yake. In kamfani ya ba ka ninki 24 da fitila da babban gilashi a kan naira 60,000, to a wani wuri ya rage, kuma inda ya rage ɗin a ciki yake, inda ido ba ya kai wa a shago. A cikin bututun akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da gilasai, majuyin sama da majuyin gefe suna tura shi, wani ɗan sifirin kuma yana tokare shi ta ɗaya ɓangaren. Ingancin wannan ɗan sifirin da haƙoran majuyi shi ne madubin. Sauran ado ne.

Bindiga mai sifirin kuma tana da nata hali na daban. Bindigar harsashi baya kawai take dukan kafaɗa. Ita wannan, idan aka saki kunama, fistin yana rugawa gaba, bindiga ta ja baya, sai fistin ya tsaya cak a ƙarshen tafiyarsa ya fizge ta gaba. Duka biyu ne a jere, ta fuska biyu. Shi ya sa madubin da zai jure babbar bindigar farauta kan iya watsewa a kan ta iska. Saboda haka sharaɗina na farko: kamfanin ya rubuta ƙarara cewa an yi shi don mai sifirin. Na biyu, zanen saitin ya kasance sassaƙe a jikin gilashi, ba siririyar waya da aka miƙe ba, don waya ce ke tsinkewa ko ta karkace.

Na uku shi ne abin da ake kira faralas. Ka miƙa yatsa ka saita shi da wani abu mai nisa, ka rufe ido ɗaya sannan ka sauya, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Haka yake faruwa a cikin madubi idan hoton allo bai faɗo daidai kan zanen saiti ba: kai ya motsa, saiti ya motsa, alhali bindiga tana nan inda take. Yawancin madubai masu araha an ɗaure su a yadi 100 ba a sauyawa. Ni da zan yi harbi daga mita 10 zuwa 100 ina bukatar mai zoben gyara, ko a gilashin gaba, wanda ake rubuta wa AO, ko a gefe, kuma ya sauko har yadi 10.

Fitilar ciki ba na bukatarta, da rana tsaka zan yi harbi a kan farar takarda. Bututu mai milimita 30 ma ba dole ba ne. Masu shago suna cewa ya fi mai inci ɗaya shigar da haske, amma amfaninsa na gaskiya shi ne yakan ba majuyi ƙarin filin tafiya.

Asabar, 14 ga Disamba

Wani abokin aikina yana da irin 6-24x50 ɗin nan, ya ba ni aro in gwada kafin in yanke shawara. Ban ɗora shi a kan bindiga ba. Bindiga mai sifirin tana da nata warwatsi, in ka gwada madubi da harbi ba za ka san laifin wa kake gani ba. Na sa kafinta ya yanka mini katako mai kwari biyu, na kwantar da madubin a ciki, na ɗaure katakon a kan benci da buhunan yashi. A mita 50, da tef na awo ba da taki ba, na kafa kwali mai layuka a kwance, santimita ɗaya tsakanin kowane biyu.

A kan majuyin an rubuta cewa kowane ƙas ɗaya, wato 'yar ƙarar da yake yi in an murɗa shi, kwata ne na MOA. MOA ɗaya kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri, yana rufe santimita 2.9 a mita 100. Ke nan a mita 50 ƙas 40 ya kamata ya gusar da saiti santimita 14.5. Na murɗa 40 ina kallo. Santimita 12 ya tafi. Na mayar da 40 ɗin, bai koma inda ya taso ba, ya tsaya kusan santimita 2 a ƙasa, sai da na ƙwanƙwasa bututun da yatsa ya zabura ya ƙarasa. Da na murɗa na sama kuma, saitin yana ɗan zamewa dama shi kaɗai.

Majuyi kamar mudu yake. Mudun da ya gaza kaɗan amma kullum gazawarsa ɗaya ce, za ka iya lissafi da shi. Wanda yau ya cika gobe ya rage, babu cinikin da za a yi da shi. Da a ce 12 ɗin nan yake bayarwa kowane lokaci ya koma gidansa, da na rubuta a takarda na ci gaba. Rashin komawar ce ta kashe shi.

Na kuma duba hoton. Hazo ya sauka sosai a makon nan, daga hanyar Wusasa da kyar ake ganin Kufena. A ninki 24 layukan kwalin sun narke, sai da na sauko wajen 12 suka fito. Wani ɓangare laifin gilashi ne, wani kuma na ƙurar da ke tsakanina da allon, don madubi yana jawo iskar da ke tsakani tare da abin da ake kallo. Wanda zai yi harbi a hunturun Zariya ya sa wannan a lissafinsa.

Na mayar wa mai shi, na nuna masa takardar awon. Shi a mita 20 yake harbi, ba ya taɓa majuyi, don haka bai taɓa lura ba.

Lahadi, 29 ga Disamba

Sauran tambaya ɗaya: irin zanen saiti, FFP ko SFP. A na farko zanen saiti yana girma tare da hoto, saboda haka tazarar ɗigogin awo da ke jikinsa ba ta sauyawa a kowane ƙarfi. A na biyu zanen yana nan yadda yake, hoto ne kawai ke girma, ɗigogin kuma a ƙarfi ɗaya tak suke daidai, sau da yawa ninki 10. Masu harbin nesa sun fi son na farko, kuma suna da hujja. Amma a kuɗina, FFP yana nufin an sake rage wani abu a ciki. Na zaɓi SFP.

Sunayen da ke yawo a wannan mataki su ne Hawke na Ingila, masu jerin Airmax da aka yi musamman don bindigar iska, da UTG, da Vector Optics na Sin, da Vortex na Amurka waɗanda suka yi suna da garanti marar iyaka. Garanti abu ne mai kyau, sai dai daga Zariya kuɗin aika madubi ƙetare a dawo da shi zai iya kai rabin kuɗinsa, don haka ban ba shi nauyi ba. Abin da ya fi damuna jabu ne. Akwai madubai masu ɗauke da manyan sunaye a kan kuɗin da ko murfin na asali ba zai saya ba. In farashi ya yi daɗi fiye da kima, ina wucewa.

Na tsaya a kan 4-12x40 mai AO, zane a jikin gilashi, ɗigogin mil (ma'aunin kusurwa, ba mil na tafiya ba), an rubuta ya dace da mai sifirin. Ba zan faɗi kamfanin ba don kada rubutun ya koma talla. Naira 185,000 har ya iso. Ragowar ta mariƙi ce da ƙwaya.

Laraba, 22 ga Janairu 2025

Ya iso. Kafin komai na kwantar da shi a katakon nan. Ƙas 40 ya ba da santimita 14 da ɗan ɗori, ya koma daidai inda ya taso. Na yi masa zagayen kusurwa huɗu, sama, dama, ƙasa, hagu, ya dawo gida. Na ja layuka masu tazarar santimita 5, wanda shi ne mil ɗaya a mita 50, a ninki 10 kowane ɗigo ya hau layinsa. Hankalina ya kwanta.

Abu ɗaya da mai saye zai sani: zanen ciki da mil yake, majuyi kuma da MOA. Haka yawancin masu araha suke. Mil ɗaya MOA 3.44 ne, wato kusan ƙas 14. Na rubuta wannan a ɗan tef na manna a gindin bindiga.

Mariƙi ya ci naira 40,000, kuma ban yi nadamar ko kwabo ba. Saman bindigar iska kwari ne mai faɗin milimita 11, ba irin Picatinny mai tsaga-tsaga na manyan bindigogi ba, saboda haka a duba kafin a saya. Na ɗauki mai ƙafa ɗaya doguwa maimakon zobba biyu a rabe, da ɗan ƙusa a ƙasa da ke shiga ramin da ke saman bindiga ya hana shi ja da baya. Kuma yana da ɗan gangare zuwa gaba. Dalili shi ne yawancin bindigogin da ake karyawa bututunsu yana ɗan kallon ƙasa. In ka gyara wannan da majuyi kaɗai, za ka murɗa shi sama har kusan ƙarshe, ɗan sifirin na ciki ya saki, saiti ya fara yawo da kowane harbi. Gara majuyi ya zauna kusa da tsakiyarsa, mariƙi ya ɗauki nauyin gyaran.

Wajen ɗaurawa na rataye igiya da dutse a reshen mangwaro, na daidaita layin tsaye na zanen da ita. Na bar tazarar kusan santimita 8 tsakanin ido da gilashin baya. Sukurorin zobe kuma da gajeren ɓangaren alanki na ɗaure su, kaɗan-kaɗan a jere, don bututun alminiyon ne, matsi ya yi yawa zai lotsa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mun fita da sassafe ni da Kawu, kafin iska ta tashi. Na kafa saiti a mita 25. Da farko ƙwayoyin sun warwatsu. Kawu ya karɓa ya manna ta a kafaɗa da ƙarfi yadda aka koya musu, tasa ma ta warwatsu.

"Wannan ba irin tamu ba ce," in ji shi. "Kamar ba ta son a matse ta."

"Haka ne, Kawu. Tana fara motsinta ne tun kafin ƙwayar ta fita. Sai an bar ta ta yi motsin iri ɗaya kowane lokaci."

Na ɗora gabanta a buɗaɗɗen tafin hannu, hannun a kan buhun yashi, kafaɗa tana taɓawa kawai. Nan take hujin ya haɗu. Abin da Kawu ya ƙara mini, wanda babu madubin da zai ba ni, shi ne numfashi da jan kunama: a saki rabin numfashi, a ja a hankali, kada a ɗaga kai sai ƙwaya ta isa.

Daga nan muka ja allon baya ba tare da taɓa majuyi ba. A mita 50 ƙwaya ta faɗi santimita 12 ƙasa da inda na saita, wato mil biyu da rabi. A mita 75 ta faɗi kusan santimita 45, mil 6. Faɗuwar ba ninkawa take yi da nisa ba, gaba take ƙara tsanani, domin ƙwaya tana rage gudu kuma duk abin da ke iska yana faɗuwa ne gwargwadon lokacin da ya ɗauka. A rabin daƙiƙa abu yana faɗuwa mita 1.2, ƙwayar nan kuma tana cin fiye da rabin daƙiƙa kafin ta kai mita 100.

Na gwada ƙwaya iri uku. Ta gwangwanin da babu suna a jiki siket ɗinta, wato buɗaɗɗen gindinta, a lanƙwashe yake tun daga gwangwani, a mita 50 tana buɗewa fiye da tafin hannu. Mai zagayayyen kai ta kamfanin H&N mai nauyin giren 14.66 (kusan giram ɗaya) ita ta fi dacewa da wannan bututu, biyar cikin santimita 4.5. Na kusa. Da na zuba duk kuɗina a madubi na bar ƙwaya, da ban ga wannan ba.

Dalma guba ce, kuma mu a Arewa mun san haka da ciwo tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu. Na ga masu riƙe ƙwaya a baki don saurin ɗuri, a daina. Bayan allon na ajiye kwali cike da tsummoki yana kama ƙwayoyin, ina kwashe su in tafi da su, ba na barin su a gonar da kaji da awaki da yara ke shiga. A wanke hannu kafin a ci abinci.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mita 100. Ƙwaya tana sauka fiye da mita ɗaya ƙasa da saiti, mil 10 da ɗori. Zanen nawa mil 5 yake da shi a ƙasa a ninki 10. Hanya biyu ce: ko in murɗa majuyi ƙas 70 in cike sauran da ɗigogi, ko in rage ƙarfin jawowa. A SFP, in ka sauko daga ninki 10 zuwa 5, kowane ɗigo ya zama mil 2, biyar ɗin nan sun zama 10. Na bi ta biyu don majuyi ya zauna a tsakiyarsa. Sai da na tabbatar da layukan kwali cewa lambar 5 da ke kan zoben 5 ɗin ce da gaske, na sa ɗigon fenti a daidai wurin.

Ke nan harbi mafi nisa da na yi, a ninki 5 na yi shi. Baƙar da'ira mai santimita 20 tana fitowa sarai. Ninki 24 da ake ta tallatawa babu inda zai shiga wannan aiki.

Iska ce babbar matsala yanzu. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, a gonar nan tana ratsa layin harbi daga hagu. 'Yar iskar da ke kaɗa ganyen mangwaro tana ture ƙwaya santimita 8 a mita 50, a mita 100 kuwa ta haura 30. Na kafa karare a tsakanin hanya na ɗaura musu zaren buhu. Darasin yanzu na karanta zaren ne, ba na madubi ba. Biyar cikin santimita 18 shi ne mafi kyau da na samu a wannan nisa, kuma da safe ne kafin ƙarfe tara.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, fita ta ragu. Zafi ya shigo, daga hantsi kawalwalniya take tashi daga ƙasa, allon yana rawa a cikin madubi. A ninki 12 rawar ta fi yawa, a 8 ana iya aiki. Wannan ma wani dalili ne da ya sa babban ƙarfi ba shi da kasuwa a nan.

Na yi wa gilasan wanka. Ƙurar hunturu tana da kaifi, in ka goge ta da hannun riga za ta karce rufin da ke kan gilashi, kuma ba ya gyaruwa. Na sayi 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran waya a PZ, a fara hurewa, sannan burushi mai laushi, sannan ƙyallen tabarau. Yaran Kawu suna son leƙawa, na bar su a kan benci ina tsaye, da sharaɗi biyu: ba a kallon rana da shi, ba a juya shi wajen mutum ko da bindiga ba a ɗane take ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Bayan Sallah na sauke madubin na mayar da shi kan katako, don in ga abin da gwangwani biyu na ƙwaya suka yi masa. Ƙas 40, santimita 14 da ɗan ɗori, ya koma gidansa. Zanen yana tsaye. Alamar fensir da na ja a bayan mariƙi ta nuna bai gusa ba. Sukuru ɗaya na jikin katakon bindiga ne ya saki, na ɗaure, zan riƙa duba su kafin kowace fita.

A mita 50 yau na sami biyar cikin santimita 3.8. Abin da na sa a gaba a Nuwamba ya samu, kodayake ina so ya zama abin kullum, ba na safiyar da iska ta kwanta kaɗai ba. Abin da madubin ya gaza a kai shi ma zan faɗa: gefen hoton yana ɗan dusashewa a ninki 12, lambobin nisa da ke kan zoben gaba ba su dace da tef ba sai da na manna nawa, kuma ba ya nuna hujin ƙwaya a mita 100, sai na taka na je. Waɗannan su ne abubuwan da na yarda in haƙura da su tun farko.

Kawu zai fara sharar gona, da ruwa ya sauka a watan gobe kududdufin zai cika, filin kuma ya koma na masara. An rubuta cewa an cika madubin da iskar naitirojin don kada ya yi raɓa a ciki, damina ce za ta gwada wannan. Na tara 'yan ƙunshin shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi na zuba a jakar. Kafin nan akwai sauran Asabar biyu ko uku, zan cike teburin faɗuwar ƙwaya a mita 60, 80 da 90, sannan in nemi mai walda ya yi mini akwatin ƙarfe mai kama ƙwaya wanda zan iya aiki da shi a mita 10 cikin gida har kaka ta zagayo.